Amsa ga 'yar uwar da Shaihu Umar ya sa kuka

Assalamu alaikum. 'Yar uwa, na ga tambayarki tun jiya, aikin gida ne ya hana ni amsawa. Kin ce kin fara Shaihu Umar, kin kai inda aka sace yaron uwarsa ta bazama nemansa, kuka ya hana ki ci gaba, ga mutanen gida suna miki dariya wai kina zubar da hawaye a kan ƙarya, shi ne kike tambaya ko ki haƙura da ƙagaggun labarai ki koma littattafan tarihi zalla. Wallahi sai na ji kamar da bakina kika yi magana. Kada ki bari. Ki share hawayenki ki buɗe inda kika tsaya. Ba zan gaya miki ƙarshensa ba, amma ki tanadi wani kukan.

Wannan kalma ta "ƙarya" na sha ta har ta ishe ni. Yayar maigidana ce ta fi kowa yi mini ita. Duk sanda ta shigo ta tarar da ni da littafi, sai ta taɓe baki ta ce, "Malama, ana nan ana karatun tatsuniya? Da ma azkar kika ɗauka." A gaban baƙi take faɗa, ba ta ko sassauta murya. Na yi ta haƙuri, babba ce, kuma dangin miji ba a ja da su. To da na tafi gida wankan jego, sai ta ce za ta sa a gyara mini ɗaki kafin in dawo. Akwai wata akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, littattafan mahaifina ne a ciki, Allah ya jiƙansa, malamin firamare ne. Gandoki na ciki, Shaihu Umar na ciki, tsofaffin bugu, takardar ta yi ja saboda daɗewa. Baba yana da ɗabi'ar rubutu a gefen shafi da jan biro, wani wurin ya ja layi, wani wurin ya rubuta "a duba". Na dawo na ja akwatin na ji ba nauyi. Na buɗe, tsummokara ne a ciki. Na tambaya, aka ce ai Yaya ta ce tarkace ne masu tara kyankyaso, ta ba mai ƙosan bakin layi.

Na saka hijabi na fita da ɗanyen jego. Na tarar da matar tana tuya, ga ragowar Gandoki a gefen murhu babu bango, ta yage fiye da rabi. A kan idona ta ciri shafi ɗaya ta zuba wa wani yaro ƙosai da yaji, mai ya ratsa takardar, ina hango jan biron Baba ta baya. Ban iya cewa komai ba. Ita baiwar Allah ba ta da laifi, har haƙuri ta yi ta ba ni. Wadda ta yi aika-aikar kuwa har yau ba ta ce mini "yi haƙuri" ba. Da maigidan ya yi mata magana cewa ta yi, "A kan takarda za a tayar mini da hankali?" Takarda! Na saya sababbin bugu daga baya, amma ina zan samo rubutun Baba? Muna gaisawa, muna zumunci, amma duk ranar da na gan ta sai ƙamshin ƙosan nan ya dawo mini. Allah ya sa mu iya yafewa, ni dai ban kai can ba tukuna.

Ki yi haƙuri, na saki hanya. Ga abin da za ki gaya wa masu dariya. Wanda ya rubuta littafin da ke hannunki Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, tun yana matashin malamin makaranta, shekaru da yawa kafin ya zama Firayim Minista a 1957. Gasar rubutu ta 1933 wadda Rupert East, Baturen Hukumar Fassara, ya shirya a Zariya ita ta fito da shi, tare da Ruwan Bagaja da Gandoki. Kuma ki lura da wannan: sai a 1936 aka soke bauta kwata-kwata a dokar Arewa. Ke nan lokacin da yake rubutun akwai tsofaffin da aka kama a hari aka sayar, suna nan da ransu a unguwanni. Umar ƙirƙirarsa aka yi, to amma hanyar Kano zuwa Murzuk zuwa Tarabulus ƙirƙira ce? Matan da aka raba da 'ya'yansu ƙirƙira ne? Littafin tarihi zai ce miki an yi cinikin bayi ta Sahara, ya wuce zuwa sarki na gaba. Ba zai zaunar da ke kusa da uwar da ke bin ayari tana tambayar ɗanta ba. Kukan da kike yi na matan da babu wanda ya rubuta sunansu ne, kuma sun cancanta a yi musu.

Amma kada ki ɗauki duka a matsayi ɗaya. Gandoki na Bello Kagara ya fara da ƙafarsa a ƙasa, da yaƙin Turawa da mutanen Kwantagora, wadda aka ci a 1901 zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Can gaba sai gogan ya yi gabas ya faɗa duniyar aljanu, yana ta kirari yana sara. Ni ina sonsa don bakinsa, ki karanta kirarin da ƙarfi ki ji yadda Hausa ke tafiya. Sai dai ba da shi za ki kafa hujja a musu ba. Ki ajiye littafin tarihi ɗaya a kusa, in kin ci karo da sunan gari ko sarki ki leƙa. Ba sai kin zaɓi ɗaya kin bar ɗaya ba, wa ya ce dole ne?

Kin kuma tambayi abin da muke karantawa yanzu. Ni ina kan Leo Africanus na Amin Maalouf, da Faransanci ya rubuta shi a 1986, fassarar Turanci nake bi a hankali. Labarin Hasan al-Wazzan ne, wanda aka haifa a Garnaɗa ta ƙasar Andalus dab da faɗuwarta a 1492, ya tashi a Fas, ya je Tumbutu da Alƙahira, 'yan fashin teku suka kama shi suka kai wa Paparoma a Rum. Sashen Andalus ya kama ni sosai, yadda iyalai ke ƙulle ƙofa suna fita daga garin kakanninsu. Sashen Rum kuwa ya ɗan gundure ni, kuma a ganina marubucin ya cika sanya wa mutumin tunanin mutanen zamaninmu. Abin da ya ƙara mini sha'awa, shi Hasan na gaskiya ya ambaci Kano da Katsina a littafin da ya rubuta kan Afirka. Masu Larabci kuma ga Jurji Zaidan, yana da ƙagaggun labarai fiye da 20 a kan tarihin Musulunci. Shi salonsa ya ɗauko soyayyar saurayi da budurwa ya rataya mata tarihi, kuma malamai da dama ba su gamsu da yadda ya kawo wasu al'amura ba, don haka a karanta da ido biyu.

Sannan don Allah, ko uwa ɗaya uba ɗaya kuke da mutum, kada ki ba da aron littafin da kika gada. Ki sayi kwaɗo ki sa wa akwatinki. In za ki yi tafiya mai nisa ki kai su gidanku. Ki riƙa ɗaukar hoton shafukan da ke da rubutun hannu da wayarki. Kuma ki daina karatu a tsakar gida inda za a ga idonki ya yi ja, ki bari sai yara sun kwanta.

Marubutan da ke cikinmu, ku ma da ku nake. Ga basasar Kano ta 1893 tsakanin Tukur da Yusufawa, ga hijirar Sarkin Musulmi Attahiru har zuwa Burmi a 1903, ga boren Satiru a 1906. Ina so in karanta labarin wata mata da ta goya ɗanta ta bi wannan hijira a ƙafa, me ta dafa a hanya, wa ta binne. Duk wanda ke da wani ƙagaggen labari a kan ɗaya daga cikin ukun nan, ko na kasuwa ne ko wanda ake sakawa a intanet, ya taimaka ya faɗa mini sunansa a nan, zan saya da kuɗina.