Amsa ga mai tambaya kan dabinon da ke fure ba ya 'ya'ya

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ka shuka dabino da ƙwallo shekara bakwai da suka wuce, wasu suna fure furen ya bushe, ɗaya kuma tana yin 'yan ƙananan 'ya'ya marasa ƙwallo su kakkaɓe, har an ce ka ƙara taki. Ajiye kuɗin takin nan tukuna. Abin da ya rage maka barbara ce, wato kai garin furen namiji kan furen mace.

Dabino akwai namiji akwai mace, kowanne bishiyarsa daban, haka ma giginya da goruba. Wanda ya shuka ƙwallo, kusan rabin abin da ya tsiro maza ne, kuma ba a rarrabe su sai ran da suka fara fure. Waɗanda furensu ke bushewa a gonarka ina kyautata zaton maza ne, ko shekara hamsin za su yi ba za ka ci dabinonsu ba. Amma kada ka sare su duka. Mai 'yan ƙananan 'ya'yan ita ce macen, garin namiji ne bai kai gare ta ba. Ka duba da kyau, za ka ga 'ya'yan sukan fito uku-uku a gurbi ɗaya. Furen mace ɗakuna uku gare shi; in an yi barbara ɗaya ke girma biyu su mutu, in ba a yi ba sai duka ukun su kumbura a banza.

Lokacin sanyi in kwanson fure ya tsage, hau ka leƙa. Na namiji silinsa gajeru ne a cunkushe, furen fari-fat kamar an yi shi da kakin zuma, in ka kaɗa shi gari ya tashi ya ɓata maka hannu, ga wani wari mai ƙarfi. Na mace silin dogaye ne, da 'yan ƙulle-ƙulle a jere, babu gari ko kaɗan. Yanko na namijin da zarar ya fara tsagewa, ka shanya shi a inuwa kan takarda. Ran da na macen ya buɗe, ko cikin kwana biyu zuwa uku, ka ɗauki sili biyu ko uku na namiji, ka karkaɗa a kai, ka cusa su tsakiya kansu a ƙasa, ka ɗaure sako-sako da ganyen dabino. Da hantsi nake yi, bayan raɓa ta bushe. In ka yi jinkiri ya wuce mako, yawanci ka yi asarar wannan nonon. Ka fara datse ƙayoyin da ke kusa kafin ka miƙa hannu, don ƙayar dabino ba ta da kirki.

Dalilin wannan wahala shi ne dabino da iska ya dogara. Masana tsirrai sun ce tsirran farko a doron ƙasa, dangin waɗanda ke fitowa a jikin dutse mai laima, sai da ruwa suke hayayyafa, domin ƙwayar namiji iyo take yi ta cimma ta mace. Wajen shekara miliyan 360 da suka wuce aka fara samun tsirrai masu iri, inda ƙwayar namijin ke tafiya a busasshen gari, jaririn kuma ya kwanta cikin ƙwallo da guzurinsa. Shi ya sa dabino ke iya hayayyafa a Bilma da Ingal na ƙasar Nijar inda ruwan sama ya yi ƙaranci. Sai dai iska ba ta da saiti, mafi yawan garin a ƙasa yake ƙarewa. In hannu ne ya kai, namiji ɗaya ya ishi mata arba'in zuwa hamsin.

Aikin kuma tsoho ne. Dokokin Hammurabi na Babila, kusan shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, sun ambace shi, kuma ka san hadisin da ke cikin Sahihu Muslim na mutanen Madina da suka bar barbara dabinonsu ya ƙi kyau a shekarar. Turawa sai a 1694 wani Bajamushe, Camerarius, ya tabbatar da gwaji cewa tsirrai ma suna da jinsi.

Shawarata, bar namiji ɗaya ko biyu masu yawan gari, sauran ka cire. In za ka ƙara shuka, nemi 'ya'yan gindi daga macen da ka ɗanɗana dabinonta, su ne ke fitowa sak uwarsu, ƙwallo kuwa caca ce. Akwai reshen cibiyar binciken kwakwar manja ta NIFOR a Dutse da ke aikin dabino, in kana kusa ka tuntuɓe su. In ka samu dama ka turo hoton furen kowace bishiya, sai mu tantance maka mazan da matan.