Tambaya da Amsa: Motar Tsere ta Rimot a Kan Kwaltar Abuja

Wasiƙu uku na ɗauko a wannan watan, duk a kan ƙananan motocin tsere na rimot, waɗanda girmansu ɗaya bisa goma ne na motar gaske. Ta farko za ta ci mana fili, don irinta ce ta fi yawa a cikin abin da ake aiko mini.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Yayana ya kawo mini motar rimot ƙirar Tamiya TT-02 tsaraba, na haɗa ta da hannuna. Ran Lahadi da la'asar mukan taru da abokai a wani filin ajiye motoci mu jera robobin ruwa mu yi tsere. Matsalata, da na fito daga kwana na ba ta wuta sai gindinta ya kufce, ta juyo tana kallona, abokai su wuce. Ina so in sa mata inji mai ƙarfi, irin marar buroshi, in riƙa kamo su a miƙe. Wanne zan saya? Daga mai karatu a Gwarinpa.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka sayi kowanne tukuna. Motar da ke juyawa da injin da ta zo da shi, in ka ƙara mata ƙarfi juyin za ta ƙara, sai dai wannan karon da karyewar wani abu. Kamar ka sa wa doki ƙaimi ne alhali babu linzami a bakinsa.

Mu fara daga ƙasa. Irin waɗannan motoci an ƙera su ne don filin tsere mai sumul, wanda ake sharewa kullum, cikinsu bai fi milimita biyar ko shida tsakaninsa da ƙasa ba. Filinku kuwa motoci sun yini suna shigo da yashi, in hunturu ne ga ƙura ta sauka a kai. Ka shafa tafin hannunka a kwaltar ka duba. Abin da ya maƙale maka, a kansa tayoyinka ke gudu. Saboda haka kayan gyara na farko tsintsiya ce. Ku share layin da kuke bi kafin kowa ya kunna mota. A ƙasashen da wasan ya kafu har ruwan sukari suke fesa wa kwalta don taya ta kama, kuma yana aiki, amma ku nemi izinin mai filin, kuma ku shirya karɓar baƙuncin tururuwa. In filin na intalok ne, ku canja wuri kawai. Ramukan da ke tsakanin duwatsun nan ba saitin da zai maganta su.

Sai taya. Ka tabbata ka manne roba da wili da gam mai kamawa nan take, ciki da waje, zagaye duka. Masu haɗa mota karon farko da yawa sukan tsallake wannan, wili ya riƙa juyawa a cikin robar. Tayoyin da ke zuwa a cikin kwali sun dace da wasa a tsakar gida. Na tsere ana sayar da su da lamba, misali 28, 32, 36 ko 40 a wasu kamfanonin, kuma lamba mai girma ta ƙasa mai zafi ce. Kwaltar Abuja a watan Maris da rana ba a iya dafa ta da hannu, don haka 36 zuwa sama za ka nema; ta 28 nan da nan za ta yi laushi ta cinye. Mutumin Jos da ke wasa da sanyin safiya a Disamba, 28 ko 32 ta ishe shi. In kuɗinka na abu ɗaya ne rak, a taya za ka sa shi.

Yanzu motar kanta. TT-02 mota ce mai juriya, mai jan taya huɗu, kuma na fi son ganinta a hannun sabon shiga fiye da masu tsada. Amma ta asalin tana zuwa da zobban roba a maimakon boris, wato zobban ƙarfe masu ƙwallaye a ciki da ke sa sanda ta juya sakayau, kuma shokozobanta sifirin ne kawai, ba mai a ciki. Ɗaga motar kamar tsayin tafin hannu ka sake ta a kan tebur. In ta yi tsalle-tsalle, haka take yi a fili, kuma tayar da ke sama ba ta kama komai. Ka sayi cikakken saitin boris da shokozoba huɗu masu mai. Man silikon ne, a fara da mai lambar kauri 400 ko kusa da haka. Wajen zubawa ka motsa sandar a hankali, ka ajiye ta tsaye har kumfa ta fita kafin ka rufe. Sannan ka auna: na hagu da na dama dole tsawonsu ya zama ɗaya. In mota tana shan kwanar dama lafiya amma tana kufcewa a ta hagu, galibi a nan ɓarnar take, ko kuma batir ya rinjayi gefe guda.

Tayoyin baya kuma ana so bakinsu ya ɗan kalli ciki, kamar digiri biyu da rabi zuwa uku. Wannan ne ke riƙe gindin mota idan an ba ta wuta. Tamiya na sayar da mariƙin tayar baya mai wannan karkatar, ka nema. Tsayin ciki, tunda filinku ba sumul ba ne, ka bar shi milimita shida zuwa bakwai, baya ya ɗara gaba kaɗan.

Akwai kuma gyaran da ba ya cin ko kwabo. Yawancin rimot suna da wurin rage iyakar sitiyari da iyakar totur. Rage totur zuwa kashi saba'in cikin ɗari, ka rage sitiyari har ya zama iya abin da kwanarku mafi tsanani ke buƙata. Ka taka birki tun motar tana miƙe, ka bar ta ta gangara cikin kwanar, kada ka ja totur sai hancinta ya kalli inda za ta, kuma a hankali. Tseren waɗannan motoci yawanci minti biyar ne, ana ƙirga zagaye. Wanda ya yi minti biyar bai juya ko sau ɗaya ba zai cinye mai gudun da ake zuwa ana ɗaga masa mota daga cikin kwata.

Abu ɗaya za ka riƙa canjawa, ka gwada, ka rubuta a littafi tare da lokacin da wani ya auna maka da waya. In ka canja taya da mai da tsayi rana ɗaya, ko ta gyaru ba za ka san wanne ya gyara ta ba. Ranar da ka iya riƙe totur gaba ɗaya kana jin motar ta yi maka kaɗan, rubuto mini mu yi maganar inji.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Batirin motar ɗana ya kumbura kamar an hura shi, an rubuta LiPo a jiki. Ya ce mini ba komai, har yanzu yana aiki. A ɗakinsu yake jona shi da dare saboda sai dare muke samun wuta. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa a Kubwa.

AMSA: Hajiya, ke ce da gaskiya, kuma ina roƙonki tun yau a fitar da batirin nan daga ɗaki. Kumburi alama ce ta iskar da ta taru a ciki saboda batirin ya lalace, kuma irinsa na iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Kada a huda shi, kada a matse shi, kada a sake yi masa caji. A ajiye shi a waje cikin bokitin ƙarfe mai yashi, nesa da janareta da jarkar fetur, sai wanda ya iya ya zuƙe cajin da ƙaramin ƙwan fitila har ya mutu kafin a rabu da shi.

Sabon da za a saya, ga ƙa'idarsa. Batirin LiPo na waɗannan motoci ɗaki biyu ne, wato ƙananan batura biyu a haɗe, kowane ɗaki yana cika a volt 4.2, jimla 8.4. Da cajar LiPo kaɗai ake cajinsa, a jona har da ƙaramar wayar nan mai farin kai, ita ce ke daidaita ɗakunan biyu. Wanda aka rubuta 5000mAh a jikinsa ana ba shi amfiya 5, ba ƙari. A yi cajin a kan siminti, cikin jakar da wuta ba ta ci, kuma da mutum a farke kusa. Na san halin wutarmu, amma a jona a kwanta ba da wannan batir ba. In wuta sai dare, yawancin cajojin suna aiki da batirin mota mai volt 12, sai a yi da rana a inuwa.

Abubuwa uku ne suka fi kumbura shi: a yi ta wasa har motar ta tsaya da kanta, a ajiye shi cike makonni, ko a manta shi cikin motar gida a rana. Da motar ta fara sanyi a tsaya. In za a yi kwanaki ba wasa, a bar kowane ɗaki a volt 3.8, cajar tana da saitin hakan. In kuma yaron bai kai sakandare ba, ni da wani nau'in batir, NiMH mai volt 7.2, zan saya masa. Ya fi nauyi, bai kai wancan gudu ba, amma yana da haƙuri.

TAMBAYA: Oga, na sayi motar Xray T4 ta hannu mai inji lamba 13.5. Bayan wasa injin ba ya taɓuwa don zafi, kuma motar ta fara wani ƙara. Daga Lugbe.

AMSA: Maigida, nemi ma'aunin zafi irin mai haskawa, ka auna injin da zarar ka tsaya. In ya haura digiri 75, ka fara cin maganaɗisun da ke ciki, kuma ƙarfin da ya tafi ba ya dawowa. Don rage zafin, duba giya: raba yawan haƙoran babbar giya da na ƙarama, ka ninka da 1.9, wadda ita ce lambar giyar cikin T4. Misali 100 da 40 za su ba ka 4.75. Sa ƙaramar giya mai ƙarancin haƙori ɗaya ko biyu, lambar ta hau, zafi ya sauka. Wanda ya sayar maka wataƙila a ƙasa mai sanyi ya saita ta, a fili mai faɗi. Wajen ɗaurewa ka sa siririyar takarda tsakanin giyoyin biyu, ka matse, ka ɗaure, ka zare takardar. Kuma ka sa wa injin fanka.

Ƙarar kuwa, cire ƙaramar giyar ka tura motar da hannu. In ba ta gangara sakayau ba, duba haƙoran bel da na fulai, tsakuwa ƙwaya ɗaya ta isa. Sannan ka cire boris ɗaya-ɗaya ka juya a yatsa. Wanda ka ji yana gurza, yashi ya shige shi, a canja shi da mai murfin roba. Kada ka shafa giris a giyoyin da ke buɗe, ƙura yake tarawa. Buroshin fenti busasshe bayan kowane wasa ya wadatar, ruwa kuwa kada ya kusanci kayan lantarkin.