Mai shago yana ta canza ra'ayi, manhaja ta ƙi ƙarewa

Malam, idan na fahimce ka, ku huɗu ne a Wuse kuna haɗa wa wani mai shago manhajar karɓar oda, duk mako sai ya zo da sabuwar buƙata, har wa'adi ya wuce. Kana tambaya ko ku tsara komai tun farko ko ku riƙa yi kashi-kashi.

Tsara komai tun farko yana amfani ne idan buƙatar ba za ta motsa ba, naku kuwa ba haka yake ba. Ku bi tsarin Scrum, wato hanyar gudanar da aiki kashi-kashi. Ku yanka aikin zango-zango, kowanne mako 2, ƙa'idarsa dai kada ya wuce wata 1. Kafin a fara zango, ku zauna da mai shagon ya zaɓi abin da ya fi matsa masa. Da an fara, duk sabon abin da ya kawo sai ya hau layi ya jira zango na gaba. A ƙarshe ku nuna masa abin da ke aiki a wayarsa, ba bayani a takarda ba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne taron minti 15 da Scrum ya tanada kullum don duba inda aiki ya kai ya rikiɗe ya zama hira, ko a ce an gama alhali ba a gwada ba. Wajen bin diddigin ayyukan, farin allo ko manhajar Trello ya ishe ku. Manhajar Jira, wadda ita ma ta bin diddigin aiki ce, ta yi muku nauyi a ganina.

Kuɗin ƙarin aiki kuwa, lauya ya rubuta shi cikin yarjejeniya. Kuma tunda za ku adana lambobin wayar kwastomomi, ku tuntuɓi masanin dokar kare bayanai ta 2023 kafin ku saki manhajar.