In sayi injin casa ko in ci gaba da saro shinkafa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da shinkafa 'yar gida a Kano, a wata nakan fitar da buhu kamar 200 mai kilo 50. Wurin masu inji nake sarowa, farashi kullum a hannunsu yake, wani lokacin kuma su haɗo ni da mai tsakuwa. Na tara 'yan kuɗi, ina so in sayi injin kaina in riƙa sayen shanshera ina gyarawa. Wace shawara za ku ba ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. A yadda cinikinka yake yanzu, ban ba ka shawarar sayen inji ba.

Kilo 100 na shanshera, in an turara an shanya an casa, abin da yake bayarwa bai cika wuce kilo 60 zuwa 65 na tsaba ba. Sauran buntu ne da dusa. Buhu 200 ɗinka tan 10 ke nan, don haka kana buƙatar shanshera kusan tan 16 a wata. Ko ƙaramin injin da yake cin rabin tan a awa ne, cikin kwana huɗu ya cinye wannan aikin. Sauran kwanakin watan yana zaune an lulluɓe shi da tamfol, kai kuwa kana biyan hayar fili, da mai gadi, da albashin mai tuƙa injin. In ka ce sai ranar aiki za ka biya shi, gwanin ba zai zauna maka ba.

Kuma inji ɗaya ba ya fitar da shinkafar da kake so. Tsakuwar da kake kuka da ita injinta daban ne. Ga tukwanen turarawa, ga itace da ruwa, ga dandamalin shanya. Shanyar nan ita ce take karya sababbin shiga: in ba ta bushe ba ta dagargaje a inji, in rana ta yi mata yawa ta tsattsage, ƙarshenta ka kwashe gutsattsari ka sayar a wulaƙance. Matan Kura da suka gaji wannan aikin da haƙori suke gane ta yi ko ba ta yi ba. Sai wuta. A watan Afrilun 2024 masu layin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, sun wayi gari an ɗaga musu kuɗin wuta daga naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, wanda ba ya kan layin kuma dizal ne abincin injinsa.

Amma babban abin da nake ji maka shi ne jari. Yanzu kana saro kaya, cikin mako ɗaya ko biyu kuɗinka sun dawo ka sake juyawa. Mai inji kuwa ribarsa tana cikin sayen shanshera da kaka, lokacin da take da araha a Haɗejiya ko Tudun Wada ko Kebbi, ya jibge a sito ya yi watanni yana ci a hankali. Kuɗin wannan ajiyar sukan zarce kuɗin injin nesa ba kusa ba, kuma duk abin da ya sami farashi a kansa zai ƙare. Da aka rufe iyakoki a watan Agustan 2019 mutane da yawa sun yi rububin kafa injina. A watan Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci, har da shinkafa, na kwana 150; daga baya farashi ya sauko, wanda ya tara shanshera da tsada ya ji a jikinsa. Ɗan sari shi dai buhunan da ke shagonsa kawai ya yi asara a kai. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, Alhaji.

Ga abin da zan so ka gwada. Ka ware kashi ɗaya cikin huɗu na kayanka na wata, ka sayi shanshera da kanka, ka kai Kura a turara maka, ka biya kuɗin casa da cire tsakuwa. Ka auna kilon da ya shiga da wanda ya fito, ka rubuta kuɗin mota, dako, buhu, ɗinki, la'adar dillali, har da ranakun da ka bar shago. Ka cire abin da dusa da gutsattsari suka kawo. Ka yi haka da kaka, ka sake yi da bazara lokacin da shanshera ta yi tsada, sannan ka gwada da farashin sari. Idan ratar ta yi kauri, kuma ka sami 'yan kasuwa uku ko huɗu da za su riƙa kawo tasu kana casa musu suna biya, a lokacin mu zauna mu yi maganar inji.

Batun tsakuwa kuwa, kada ka dogara da mai inji ɗaya. Ka riƙe biyu ko uku, ka sa a soki buhu a gabanka kafin a loda, kuma ku yi sharaɗi tun farko a gaban shaida cewa duk buhun da aka samu da tsakuwa zai koma inda ya fito. Mai ɗaukar buhu 200 duk wata yana da bakin da zai faɗi haka.