Dodo ko direba: wanne za a tura a memori?

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan fim suke, wataƙila don hutu ya kama. Na zaɓi uku da suka haɗu a waje ɗaya.

Tambaya ta farko daga wani ɗalibi ce a Samaru: "Assalamu alaikum, Malam. Ina da memori mai giga 16 da 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba. Mai shagon turi ya ce yana da Halloween tun daga na farko har na ƙarshe, yana kuma da Fast and Furious cikakke. Ɗaya kaɗai zan iya ɗauka. Abokin ɗakina ya nace sai na ban tsoro, ni kuma zuciyata tana wajen motoci. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Mai shago ya ɗaure ka da igiyar da babu ita. Wa ya ce sai ka kwashi jeri ɗaya cikakke? Halloween fim 13 ne daga 1978 zuwa 2022. Fast kuma 10 ne daga 2001 zuwa 2023, ban da Hobbs & Shaw na 2019 da ya ɓalle gefe. In ka kwashe ɗaya duka, rabin memorinka ka cika shi da dusa.

Ka san abin da muke faɗa tun muna yara a gidan kallo: akto ba ya mutuwa. To a fim ɗin faɗa haka ne. A fim ɗin ban tsoro kuwa bos ne ba ya mutuwa. Duk bambancin jerin nan biyu daga nan ya taso. Akton da ya ƙi mutuwa, kullum ka sake ganinsa ƙaunarsa ƙaruwa take, ya zama kamar ɗan unguwarku. Dodon da ya ƙi mutuwa kuwa, kullum ka sake ganinsa kwarjininsa raguwa yake. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe.

Ɗauki Halloween na 1978 wanda John Carpenter ya shirya. Da kimanin dala dubu 300 aka yi shi, a cikin kwana ashirin ko kusa da haka. Fuskar robar da Michael Myers, dodon fim ɗin, yake sawa, a shago aka sayo ta ƙasa da dala biyu, aka shafa mata farin fenti aka ƙara faɗin idanun. Labarin bai wuce tafin hannu ba: yaro ɗan shekara shida ya kashe yayarsa a 1963, aka tsare shi a asibitin masu taɓin hankali, bayan shekara 15 ya gudu ya dawo garinsu. Ba ya magana, ba ya gudu, ba a gaya maka dalilinsa. Jini ma kaɗan ne a fim ɗin. Abin da ke tayar da tsigar jiki shi ne ka hango shi tsaye bayan shanyar kaya da rana tsaka, Laurie, yarinyar da yake bi, ta waiwaya, babu shi. A ƙarshe likitansa ya ɗirka masa harsashi shida ya faɗo daga bene, aka leƙa ƙasa, wayam. Minti 91, an gama. Na fara ganinsa a kaset a gidan wani abokina, kuma daren nan da na zo wucewa ta Babban Dodo sai da sunan unguwar ya yi mini wani iri, ni da nake bin hanyar kullum.

Daga nan sai kuɗi ya shigo, aka fara yi wa dodo tarihi. A na biyu, 1981, aka ce ai Laurie, yarinyar da Jamie Lee Curtis take fitowa a matsayinta, ƙanwarsa ce. Na uku, 1982, babu Michael a labarinsa kwata-kwata, wani zance ne daban na kamfanin da ke ƙera fuskokin roba, 'yan kallo suka yi tsaki. A 1988 aka dawo da shi, aka ce Laurie ta mutu a hatsarin mota, yanzu 'yarta yake bi. Zuwa 1995 an ɗora masa wata ƙungiyar asiri da take juya shi. A 1998 aka share wannan duka, Laurie tana raye, ta sare masa kai da gatari. A 2002 aka ce ashe ba kansa ta sare ba, wani ma'aikacin motar asibiti ne ya sa wa fuskar, sannan aka kashe Laurie a farkon fim. Wani darakta, Rob Zombie, ya sake ginin daga tushe a 2007 da 2009. A 2018 kuma aka ce a manta da kowa da komai ban da na 1978, Laurie tana nan da ranta, ta tsufa, kuma ba ƙanwarsa ba ce. Mace ɗaya ta mutu sau biyu tana nan tana harbi. Wanda ya zauna ya kalli 13 ɗin nan a jere, ba tsoro zai kama shi ba, ciwon kai ne.

Fast kuma tafiyarsa akasin haka ce. Na 2001 ƙaramin labari ne: ɗan sanda Brian, wato Paul Walker, ya saje da 'yan tseren dare a Los Angeles don ya gano masu tare manyan motoci suna kwashe kayan lantarki, ya ƙare yana abota da shugabansu Dom, wato Vin Diesel. Na biyu babu Vin Diesel. Na uku, Tokyo Drift na 2006, sababbin fuskoki ne, Dom ya leƙo ne kawai a ƙarshe. Jerin ya kusa mutuwa a nan. Sai a Fast Five na 2011 suka gano kansu: aka tattaro duk mutanen baya aka haɗa su gungu ɗaya a Rio ta ƙasar Brazil, aka kawo Dwayne Johnson yana farautarsu, aka rufe da motoci biyu suna jan katafaren akwatin ƙarfe na ajiyar kuɗi a kan titi yana rusa duk abin da ya tare shi. Daɗin wannan fim ɗin daga sabo yake. Ka san wannan mai surutu ne, wancan kullum yana taunar wani abu, kuma duk rikicin da aka yi za a ƙare ne a kan teburin cin abinci ana addu'a ana maganar dangi. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin zumunci.

Ba wai Fast ba shi da nasa shirmen ba. Letty, masoyiyar Dom, ta mutu a 2009 ta dawo a 2013. Han, mai yawan taunar nan na gungunsu, ya ƙone a mota a Tokyo, sai ga shi a 2021 yana cin abin taunarsa. A wannan fim ɗin ne ma aka ɗaura wa mota roka aka harba ta sararin samaniya. Amma ka lura, idan akto ya tashi daga kabari tafi ake yi. Shirmen ba ya kashe abin da ka zo nema, tunda gudu da ɓarin ƙarfe ka zo gani kuma ana ba ka.

Saboda haka ga abin da za ka gaya wa mai shago. Halloween na 1978, ka ƙara da na 2018 in kana son ganin yadda ta kaya bayan shekara 40. Halloween Kills na 2021 da Halloween Ends na 2022 ka bar masa kayansa. A Fast ka ɗauki na ɗaya don ka san mutanen, sannan na biyar, na shida da na bakwai. Na bakwai ɗin, 2015, ana cikin ɗaukarsa Paul Walker ya rasu a hatsarin mota a watan Nuwamban 2013, aka ƙarasa da 'yan'uwansa biyu da taimakon kwamfuta. Wanda ya ba da umarninsa kuwa James Wan ne, mutumin da ya yi finafinan ban tsoro Saw da The Conjuring, ka ga ke nan ko abokin ɗakinka yana da rabo a ciki. Fim shida, ka rage sauran wuri don takardun karatu. Kafin ka bar shagon ka buɗe kowanne ka ja shi zuwa ƙarshe ka gani, domin akwai memorin jabu da ke nuna giga 16 a rubuce amma in ya cika rabi sai fayil ya fara lalacewa.

Ta biyu daga wata uwa ce a Gyallesu: "Yarana uku, babban shekararsa 14, ƙaramar 8. Sun dame ni a sa musu fim a filashi su riƙa kallo a talabijin ɗin falo. Babban ya rubuto mini sunaye har da wannan Halloween. Ni ban san kansu ba."

Hajiya, Allah ya raya su. Halloween ki soke shi daga takardar, kada ki tsaya ciniki. A Amurka inda aka yi shi an sa masa alamar R, wato ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga kallonsa sai da babba. Na farkon da nake yabo ma akwai tsiraici a cikinsa, na Rob Zombie kuwa ashar da yanka ne tun daga farko har ƙarshe, ko ni da furfurata ba na zama a kansu. Kuma yarinya 'yar shekara 8 da ta ga mutum mai farar fuska yana tsaye a tsakar gida, ke za ki sha wahalar rakiya banɗaki duk daren da aka ɗauke wuta.

Fast alamarsa PG-13 ce, wato an fi nufin 'yan 13 zuwa sama. Amma masu sa alamar da ma'aunin garinsu suke awo, ba da na Zariya ba. Kusan kowane kashi yana da wurin taron tsere inda kyamara take bin 'yan mata masu guntayen kaya, ga giya a hannu. Babban zai iya gani in ke ko babansu kuna zaune da rimot a hannu. Ƙananan biyu a nema musu katun. Abu ɗaya da ban cika jin iyaye suna ambata ba: yaro ɗan 14 da ya sha kallon tsere, ranar da ya sami makullin babur ɗin yayansa titin Kofar Doka zai mayar filin gwaji. A ɓoye makulli.

Ta uku gajeriya ce, daga wani tela a Sabon Gari: "Da waya nake kallo bayan na tashi daga aiki. In sayi abin sawa a kunne ne ko 'yar sifika?"

Maigida, ya danganta da abin da ka fi kallo. In na ban tsoro ne, abin kunne. Rabin tsoron Halloween a sauti yake: numfashin Michael a cikin roba, da ɗan kiɗan fiyanon nan da Carpenter ya tsara da kansa, wanda bugunsa biyar-biyar ne maimakon huɗun da kunne ya saba, shi ya sa yake hana zuciya zama. A sifika, da ƙarar janareton maƙwabci, duk wannan ɓacewa yake, sai ka ga mutum kawai yana yawo a duhu. Ga kuma allon waya da ba ya nuna duhu da kyau in an matse fim ɗin don ya yi ƙaramin nauyi, saboda haka ka ce a tura maka mai nauyin.

In kuwa motoci ne, sifika, kuma ka kira yaran shago ku kalla tare, don wannan fim ne na ihu da musu. Sai dai ka tsallake Tokyo Drift har ka gama na shida, a nan labarinsa yake zaune duk da shi ne na uku a fitowa. Fast X na 2023 kuma kada ka fara shi da niyyar ganin ƙarshe, minti 141 za ka zauna a yanke maka labari a tsakiya, Dom da ɗansa suna gindin madatsar ruwa an dasa mata bam.