Tsohuwar riga ce, me ya sa take tsada haka?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata tana Amurka, bikin kammala sakandarensu ya matso, ta nace sai wata doguwar rigar gwanjo wai ita Gunne Sax. Ni dai tsohuwar riga na gani, ga tsada. Mene ne asalinta, kuma me za mu duba kafin mu biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Yarinyarki tana da ido. Salon rigar, wanda ake kira "prairie", kwaikwayo ne na shigar matan da suka yi ƙaura zuwa yammacin Amurka a ƙarni na 19: wuya a rufe, hannu dogo mai kumburi a kafaɗa, siket har idon sawu, yadin auduga mai ƙananan furanni, an bi gefensa da leshi. A birnin San Faransisko na Amurka aka kafa kamfanin ɗinkin Gunne Sax a 1967. Wata mai tsara tufafi, Jessica McClintock, ta sa dala 5,000 a kamfanin a 1969, kuma a hannunta ya bunƙasa, har rigunansa suka zama kayan bikin 'yan mata a shekarun 1970. An daina ɗinka irin na wancan zamani, masu nema kuma sun ƙaru, tsadar ke nan.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne awo. Kada ta yarda da lambar da ke wuyan rigar, domin lamba 9 ta lokacin ta fi ta yau ƙanƙanta nesa ba kusa ba, yadin kuma ba ya miƙewa. Mai sayarwa ya shimfiɗa rigar ya auna ƙirji, ƙugu da faɗin kafaɗa da tef, ita ma ta auna jikinta. Irin wannan ɗinki da wuya a samu rarar yadi a ciki, in ta matse tela ba shi da abin da zai buɗe.

Sai hammata. A ɗaga ta a haske: in gumi ya bar shaci ruwan ƙasa, ko yadin ya yi shara-shara, rawa ɗaya za ta yaga shi. A ja zif sama da ƙasa, a duba leshin ko zarensa ya fara tsinkewa.

Wani abu kuma: da yawansu yadin hannu da na ƙirji sirara ne, ana hango fata, sai ta tanadi ta ciki. In ta samu mai lafiya, ni zan ce ki saya mata. Wanki da hannu, da ruwan sanyi, shanya a inuwa.