An Ga Mai a Teku, Me Ya Sa Ake Sake Haƙa Rijiya?

Tambaya: Malam, idan rijiyar farko ta nuna akwai ɗanyen mai a ƙarƙashin teku, mene ne amfanin ta biyu? Daga mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Ta farko ba ta faɗin yawansa. Shi ya sa ake haƙa ta biyu, rijiyar tantancewa, nesa kaɗan, a gano inda mai ya ƙare, ruwa ya fara. Ana ciro guntun dutse a auna ƙofofinsa, a bar man ya kwararo na 'yan kwanaki, sannan a rufe a duba matsi, wato ƙarfin da ke turo man sama. In matsin bai farfaɗo ba, taskar man ƙarama ce, ko tsagewar dutse ta raba ta. Gaggawa a nan hasara ce babba. Filin mai na Bonga da ke tekun Najeriya, inda zurfin ruwa ya haura mita 1,000, an gano shi a 1996, sai 2005 ya fara ba da mai.